Gogen Da Ya Fi Ƙarfin Hannu

A can zamanin da, an yi wani tsoho mai haɗa goge, yana zaune da jikansa mai son kiɗa. Kowace shekara yaron sai ya ƙara tsawo, gogen ya yi masa kaɗan. Tsoho ya nemo ƙwarya, ya nemo fatar guza, ya nemo gashin doki, ya haɗa wani. Shekara ta zagayo, ya sake nemowa, ya sake haɗawa.

Ana nan tsoho ya gaji. Baya ya ƙage, ido ya rage gani. Sai ya ce a ransa, "Bari in yi masa irin na manya, in huta gaba ɗaya."

Yaro ya karɓa da murna. Ya miƙa hannu, yatsu ba su kai ba. Ya ƙara miƙawa, kafaɗa ta yi tsami. Ba a daɗe ba ya rataye gogen, gida ya yi tsit.

"Ɗan nan, ina kiɗan?" in ji tsoho.

"Kaka, goge ya yi kyau. Ni ne ban isa ba."

Maganar ta soki tsoho. Sai ya jawo wuƙa. "Zo nan, miƙe hannunka in gwada."

Ya yi ta fama, yana yi yana hutawa, har ya gama madaidaici. Yaro ya ja, sauti ya fito garau. Tsoho bai ji ƙarshen waƙar ba, don barci ya kwashe shi a kan tabarma.