Kwamfutar da Tuva Ta Bari a Buɗe

Ranar da aka kori Tuva daga aiki ruwa ake shararawa a birnin Göteborg, ita kuwa ko lema ba ta da ita. Ta fito rungume da kwalin kayanta tana kuka, babu wanda ya rako ta ko bakin ƙofa.

Marainiya ce. A hannun Gunnel ƙanwar mahaifiyarta ta tashi, matar da ba ta taɓa ba ta loma ba tare da gori ba. Da rana tana wanke-wanke a gidan abinci, da yamma tana koyon rubuta manhaja, har wani kamfani mai kula da na'urorin shagunan magani ya ɗauke ta gwaji. In ta tsallake, ta samu aikin dindindin da ɗakin kanta. Sai dai a can Rasmus ɗan Gunnel yake aiki, mutumin da yake ganin ya fi kowa iyawa...

Dokar wurin ita ce ba a sakin sabon gyaran manhaja ranar Juma'a, don in ya ɓaci babu masu gyarawa sai Litinin. Rasmus kuwa ba ya da haƙurin jira. Wata Juma'a da aka tashi shan kofin la'asar, Tuva ta manta ba ta kulle kwamfutarta ba. Ya zauna a kujerarta, ya saki gyaransa da sunanta, ya je ya ci burodinsa mai kirfa hankali kwance. Washegari na'urori suka tsaya cak, tsofaffi suka wuni a layi babu magani.

"Ylva, na rantse ba ni ba ce," in ji Tuva ga shugabarsu.

"Da sunanki ya fita, Tuva. Ko aljani ne ya zauna a kujerar?"

Rasmus ya girgiza kai, wai shi mai tausayi. "A yi mata afuwa, sabon shiga ce."

A gida Gunnel ta taɓe baki. "Dama na faɗa. Ina mai wanke tukwane ina kwamfuta?"

Haka ta koma wanke-wanke. Duk inda ta nemi aiki sai a tambayi tsohon wurinta, daga nan shiru. Ta rame, ta daina ko buɗe littattafanta. Ranar hutu takan je kabarin mahaifiyarta ta durƙusa cikin sanyi. "Ya Ubangiji, ban da kowa sai Kai... ko ban samu aikin ba, Ka wanke mini sunana." Abin gwanin ban tausayi.

Hunturu ya wuce a haka. Shi kuwa Rasmus, da ya ga ya sha, sai ya maimaita. Wata Juma'a Ylva ta dawo ɗaukar wayarta ta same shi dumu-dumu a kujerar wani abokin aikinsu. Da aka matsa masa ya faɗi komai, aka sallame shi a ranar.

Ylva da kanta ta shigo kicin ɗin gidan abincin, idonta jajur. "Na zalunce ki, Tuva. Rasmus ne ya yi, ya amsa da bakinsa. Kujerarki na jiranki, kuma babu sauran gwaji."

Tuva ta share hawaye da bayan hannu, kumfa na ɗiga daga yatsunta. "Yanzu yaya zan gaya wa Inna Gunnel? Abin zai yi mata ciwo."

Ylva ta sunkuyar da kai. "Ta sani. Rasmus ya ce tun ranar da abin ya faru ya gaya mata."