Jinin Italiya

Tun ranar da gwamnatin Malesiya ta rufe gari saboda korona, kujerar da ke gaban talabijin a gidan Dakta Halliru ta zama ta Hajiya Indo, mahaifiyarsa. Ta zo daga Kano da niyyar yin wata biyu a duba mata gwiwa, sai ga ta ta shekara da wata uku a hawa na sha huɗu na wani bene a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur, ba gidan suna, ba gidan biki, ba maƙwabciyar hira. Finafinan Koriya ne suka ɗebe mata kewa. Ba ta jin yarensu, ba ta kuma karanta Turancin da ke gudu a ƙasan hoto, don haka jikarta Najiba ce tafinta.

Wanda suke kallo a lokacin na wani mutum ne mai baƙar kwat da zobe a kowane yatsa, wai daga Italiya ya dawo.

"Ke! Me mai zoben nan ya ce?"

Kofi kawai mutumin ya nema. Amma Najiba, ɗaliba 'yar shekara ashirin da uku mai bakin tsiya, ta gyara zama ta ce, "Hajiya, cewa ya yi a ƙasarsu Italiya ba a ba saurayi mata sai ya kawo shaidar ya kashe mutum uku."

"Innalillahi! Uku?"

"Uku cif. Uwar ango ce ma ke ƙirgawa."

Hajiya ta tafa hannu ta riƙe haɓa. Daga kicin Hureira, mahaifiyar Najiba, ta ɗaga murya. "Najiba, ki ji tsoron Allah!"

"Umma, entertainment ne kawai lah!"

Haka ake yi kullum. Inda fim ya yi sanyi, Najiba ta zuba masa yaji, tsohuwa ta wuni da abin faɗa. Matan Hausawa na garin suna da zaure a waya, kowace a kulle a gidanta, ba su da aiki sai musu a kan finafinan. Murja ta unguwar Sentul ta ce ita dai a ba ta namiji mai ƙwalisa irin ta mazan Italiya, ba irin maigidanta da ya yi wata shida cikin jallabiya ɗaya ba. Hafsatu, matar wani malamin jami'a, ta ce duk shirme ne, masu shirya fim ɗin ba su san Italiya ba sai taliya da giya da bindiga, kamar dai ƙasar ba ta da likita ko manomi. Hajiya Indo ta sa aka danna mata wajen ɗaukar murya.

"Ke Hafsatu, bokonki ya yi miki yawa. Ni da idona na gani. Mutanen nan ba imani, sai sumbatar hannun matan mutane. Allah ya raba zuri'armu da su!"

Najiba ta yi dariya har da faɗuwa a kan kafet. Ba ta san rami take haƙa wa kanta ba.

Akwai saurayin da take so, Mus'ab Ashafa, ɗan Zariya mai karatun digiri na uku a fannin injiniya, yana zaune a unguwar Brickfields. Shekara biyu suna tare da sanin iyayenta. Najiba ba ta taɓa kawo zancen mahaifiyarsa a gaban Hajiya ba, don a wurinta ba abin magana ba ne. Da baffansa ya kira daga gida neman izini, Dakta Halliru ya bari aka zauna cin abincin rana, sannan ya kawo wa mahaifiyarsa maganar.

"Madalla," in ji Hajiya. "Ɗan gidan wa?"

"Ɗan marigayi Injiniya Ashafa na Tudun Wada."

"Uwarsa fa? 'Yar ina ce?"

Dakta ya ɗan yi tari. "Baturiya ce, Hajiya. Ta musulunta fiye da shekara talatin. Sunanta Hajiya Sakinatu. Asalinta... 'yar Italiya ce."

Hajiya ta ajiye cokali a hankali.

"Ina?"

"Italiya."

"Halliru, in dai ni na haife ka, ba a gidan nan ba."

Najiba ta zube a gabanta. "Hajiya, wallahi ƙarya nake miki! Duk abin da nake cewa sun ce, ba su ce ba. Maganar mutum uku, ni na ƙirƙira. Ta uwar ango ma ni ce. Don in ba ki dariya ne!"

Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa. "To da can kike ƙarya, ko yanzu? Bakin da ya shekara yana yi min ƙarya, yau don yana son miji zai faɗa min gaskiya? Bindigar da na gani fa? Ita ma ke kika fassara min?"

"Hajiya, fim ne..."

"Nono ake bi, yarinya. Abin da uwa ta shayar shi ɗa ke tashi da shi. Na gama magana."

Dakta Halliru malami ne da ake tsoro a aji, amma a gaban uwarsa kansa a ƙasa yake. Ya ce wa 'yarsa ba zai aurar da ita a kan fushin mahaifiyarsa ba, ko da za a shekara goma.

Da la'asar Najiba ta fita baranda ta kira Mus'ab tana kuka.

"Ni na jawo mana, Mus'ab. Da bakina! But seriously, Abba ne waliyyina, ba ita ba. Ka sa baffanka ya matsa masa. In an ɗaura, dole ta haƙura."

"A'a, Najiba."

"A'a kamar yaya? Kana ji ana zagin mamanka?"

"Ina ji, kuma ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma Mama ta sha abin da ya fi wannan a Zariya. Shekara bakwai kakata ba ta ci girkinta ba, daga baya kuma a hannunta ta cika. Ba zan shiga gidanku ta taga ba. Mu jira."

"Har yaushe?"

"Har Hajiya ta gaji. Ni ba zan gaji ba."

Aka shiga jira. Kowace Juma'a Mus'ab yakan sa a ƙunsa masa gasasshiyar kaza daga shagon abincin wani Balarabe, ya aiko mai babur da ita da sunan Hajiya. Kowace Juma'a Hajiya takan ce a sauka a ba mai gadi. Mai gadi har ya yi kumatu. Najiba ta rame, amma ba ta daina zama gefen kakarta ba, sai dai yanzu abin da aka faɗa shi take fassarawa, ba ƙari.

"Me ya ce?"

"Ya ce ana ruwa, a ba shi lema."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya."

"Mtsw! Tun da kika shiga soyayya fim ɗin nan ya lalace."

Wata uku ana haka. Ranar wata Talata da hantsi Najiba ta fito daga ɗaki idonta jawur, ta faɗa wa Hureira cewa kakar Mus'ab ta wajen uwa ta rasu a Italiya, korona ce. Hajiya Sakinatu ta je jinyarta tun bara, hanya ta rufe da ita a can, yanzu ga ta ita kaɗai a gidan.

Hajiya Indo tana jin su. Ta sa hannu ta kashe talabijin da kanta.

"Ɗauko min mayafina. Ki kira min matar."

"Hajiya?"

"Kurma ce ke? Mutuwa ta shiga kunnena, in yi shiru? Ba a haife ni a gidan da ake haka ba. Ko maƙiyina ne sai na yi masa gaisuwa. Wannan daban, maganar aure daban, kada ki sa rai."

Aka jira gari ya waye a can, Najiba ta kira ta bidiyo, ta zauna kusa don ta yi tafinta. Fuskar wata farar dattijuwa ta bayyana, da ɗankwalin atamfa ɗaurin matan Zazzau, idanunta sun kumbura. Bayanta ɗan ƙaramin kicin ne da tukunya ɗaya a kan murhu.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ina wuni? Ya baƙunta, ya ƙafar?"

Hajiya Indo ta waiga ta dubi Najiba, ta sake duban wayar. Hausa ce tsantsa, har da karin harshen Zazzagawa.

"Lafiya... lafiya lau. Ya haƙuri?" Ta ɗan dakata, don ta san mamaciyar ba musulma ba ce, ba ta kuma son ta faɗi abin da bai dace ba. "Allah ya ba ki haƙurin rashi. Uwa uwa ce."

"Amin, na gode." Muryar matar ta karye. "Hajiya, ba su bar ni na gan ta ba. Wata goma sha shida ina juya ta, ina yi mata wanka. Da suka ɗauke ta zuwa asibiti suka ce in tsaya a bakin ƙofa. Jiya suka miƙo min tabaranta da carbinta na coci a cikin leda. Ko hannunta ban riƙe ba."

Sai ga hawaye a fuskar Hajiya Indo, wadda jikokinta ba su taɓa ganin kukanta ba.

"Ni ma ƙanwata Ɗelu ta tafi a Kano bara, lokacin da ake ta mutuwar nan. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ina nan zaune a saman bene kamar tsuntsuwa, a waya aka gaya min an kai ta. Har yau ban ga kabarinta ba."

Suka yi kuka tare, Najiba na riƙe da waya, ba wanda ya nemi fassararta.

Ranar uku Hajiya ta ce a sake kira, haka ranar bakwai. A ta bakwai ɗin hira ta yi tsawo. Hajiya Sakinatu ta yi ƙorafin daddawar da ta taho da ita daga Zariya ta ƙare tun azumi, Hajiya Indo ta ce ita rabonta da fura mai kyau har ta manta. Can sai ta gyara mayafi.

"Sakinatu, ni ba na iya kwana-kwana. Zan tambaye ki. A danginku akwai masu kashe mutane?"

"Hajiya!" Najiba ta rufe fuska.

Matar ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar. "Babana gyaran takalma yake yi, kakana kuma makiyayin tumaki ne. 'Yan ta'adda kam akwai su a ƙasar nan, ba zan yi miki ƙarya ba, kamar yadda muke da namu a gida. Amma kin san wani abu? A nan idan na ce mijina ɗan Najeriya ne, sai in ga mace ta ƙanƙame jakarta. Su ma a talabijin suka san mu."

"Mu? Mu ne ɓarayi?"

"Haka aka nuna musu."

"Amma kuwa ba su da hankali! Mutum ya zauna a ɗaki ya yanke wa al'umma guda hukunci daga akwati..." Hajiya ta tsaya cak, maganar ta maƙale mata. Ta harari Najiba. "Ke kuma me kike kallo?"

Duk da haka ba ta sauko a ranar ba, don Hajiya Indo ba a yi ta da saurin saukowa ba. Ta sa aka kira mata ɗan ƙaninta Malam Ɗayyabu da ke Zariya, ta ce ya shiga Tudun Wada ya yi mata bincike irin na aure: ya tambayi liman, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi har masu kanti. Bayan mako biyu ya kira. Ya ce duk unguwar Hajiya Baturiya suke ce mata, ita ke wankan gawar mata a layinsu, kuma ba a taɓa jin ɗanta da faɗa ko shaye-shaye ba. Aibi ɗaya aka faɗa: tana da faɗa in an taɓa mata shukokinta.

Washegari bayan azahar Hajiya ta tara gidan a falo.

"Halliru, ka kira baffan yaron nan ka ba su rana. Na zalunci baiwar Allah, na zage ta a gaban mata ban san ta ba, kuma zan koma zauren nan in janye da bakina." Ta juya ga Najiba, wadda tuni ta fashe da kukan murna. "Share hawayenki, ban gama da ke ba. Ke kika ɗauki ƙarya wasa, kika ɗura wa tsohuwa don ki yi dariya. Wata huɗu kika biya. Da yaron nan mai gaggawa ne irinki, da kin biya da shi gaba ɗaya. Ki riƙe shi da kyau, ya fi ki hankali."

Bayan sati shida aka ɗaura aure a Zariya, wakilai suka karɓa, ango da amarya suna kallo ta waya daga Kuala Lumpur, uwar ango daga Italiya, Hajiya Indo ta rangaɗa guɗar da ta sa maƙwabta 'yan China leƙowa.

'Yan mata, ku ji da kyau. Babu ƙaramar ƙarya; wadda kika yi don nishaɗi tana iya zama ita ce za ta tsaya tsakaninki da abin da kike so. Ku kuma manya, fim sana'a ce, an yi shi don a sayar, ba don ya gaya muku halin mutane ba. Wanda zai ba da 'ya ya tashi ya tambayi waɗanda suka zauna da mutum. Shi kuwa Mus'ab bai yi musu ba, bai yi gaba ba, bai tsallake manya ba. Ya jira a bakin ƙofa har aka buɗe masa, ya shiga da mutuncinsa.