Ranar da Yaya Ta Zama Kulorin

A Gummi akwai wata yarinya mai shegen tsokana. 'Yar fari ce, don haka Inna ba ta faɗin sunanta, sai dai ta ce, "Ke, babba." Tana aji huɗu a sakandare. Ƙanwarta Habsu tana firamare. Duk inda yarinyar ta sa ƙafa, Habsu na biye tana "Yaya, Yaya."

Wata rana da damina, Malam Lirwanu mai koyar da kimiyya ya shigo aji da ƙullin gishiri.

Ya ce, "Komai an gina shi da ƙananan ƙwayoyi masu suna atom. Atom biyu suna haɗuwa ne ta hanyar wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira ilaktaron. Kowane yana jan su wajensa, amma ƙarfin ja ba ɗaya ba ne. Ga gishiri nan, sodiyam ne da kulorin. Kulorin ya fi ƙarfin ja nesa ba kusa ba, sai ya ƙwace ilaktaron ɗin gaba ɗaya."

Abin ya yi wa yarinyar daɗi. Ta fizge biron ƙawarta, ta raɗa mata, "Ni ce Kulorin!" Suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Sauran bayanin bai shiga kunnenta ba.

Da aka tashi, ta biya ta ɗauki Habsu. Suna hanya ruwa ya tsuge. Buhun taki guda Inna ta farke musu don su lulluɓa tare. Yarinyar ta ja buhun wajenta.

Habsu ta ce, "Yaya, ruwa na dukana!"

Yarinyar ta ce, "Malam ya ce mai ƙarfin ja shi ke ɗauka. Ni Kulorin, ke Sodiyam."

Ta fizge buhun duka, ta ruga gida tana dariya. Habsu ta iso can baya, sharkaf, haƙoranta na kaɗawa.

Inna ta rungume ta, ta dubi yarinyar. "Ke, babba, mi kiy yi ma ɗiyata?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe Habsu. Da safe yarinyar ta kai mata kunu. Habsu ta juya fuska bango, ta ce, "Inna, ki ce ma Kulorin na ƙoshi."

Ba ta ce Yaya ba. Wannan ya fi bulala ciwo.

A makaranta Malam Lirwanu ya ga idonta ya yi ja. Ya tambaya, ta gaya masa komai.

Ya girgiza kai. "Farkon karatun kika kwasa kika gudu. Haɗin iri uku ne. Na gishiri, ƙwace ne. Na ruwa kuwa, oksijin ne da haidirojin, oksijin ya ɗan fi ƙarfin ja. Suna tarayya, amma ilaktaron sun fi karkata wajen oksijin."

"Na ukun fa, Malam?"

"Atom biyu iri ɗaya, kamar oksijin da oksijin a iskar da muke shaƙa. Ƙarfinsu daidai yake, don haka tarayyarsu daidai take. To, ke da Habsu, iri daban ne?"

Ta ce a hankali, "Innarmu ɗaya, Babanmu ɗaya."

Malam ya yi murmushi.

Da ta koma gida, ta ɗauko kunu, ta durƙusa gefen tabarmar Habsu. Ta ce, "Ki yafe mini. Ashe ni ba Kulorin ba ce. Ni da ke oksijin ne."

Habsu ta leƙo daga cikin zane. "Shi kuma mi yakan ƙwace?"

"Ba ya ƙwace wa ɗan'uwansa komai."

Habsu ta tashi zaune. Can ta miƙo hannu ta karɓi kunun. Inna na bakin murhu tana dariya.

Habsu ta warke. Da ruwa ya sake kama su a hanya, kowacce ta riƙe gefen buhun, suka matse da juna.

Habsu ta ce, "Yaya, kafaɗata ta jiƙe."

Yarinyar ta ce, "Tawa ma. Sake faɗin farkon in ji."

"Yaya!"

Daga ranar ta koyi sauraron darasi har ƙarshe. Ta kuma gane cewa abin da aka ba 'yan'uwa su yi tarayya, ba a nuna masa ƙarfi.