Rabin Taku a Bayan Yaya

"Me ka waiwaya ka gani?"

Dogo bai ɗago ba. Yana zaune a kan ciyawar filin motsa jiki yana kwance igiyar takalmin gudunsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Da kai nake! Saura mita hamsin a gama, hanya a buɗe a gabanka, sai ka waiwaya. Me ka manta a baya?"

"Haba Auta... ba dai mun haye ba? Ni da Yaya duk muna cikin tseren ƙarshe. Ko barka ba za ki yi mini ba?"

"Da ƙyar ka haye! Mutum shida ake ɗauka, ka zo na shida. Da wani ya miƙo ƙirji kaɗan, da yanzu kana haɗa kaya."

Ya yi murmushin nan nasa da ke kashe mini jiki. "Rabin raina, gajiya ce kawai."

Ban yarda ba. Wanda ya gaji ba ya tsayawa ya ɗaga abokan tserensa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na ga ya yi ɗazu.

Ni ce autar gidanmu, kuma ni ce mai riƙe agogo. Babanmu koci ne, shekara talatin yana horar da masu tseren mita dubu ɗaya da ɗari biyar. Tun ina 'yar sakandare yake tsayar da ni a bakin layi in danna agogo in rubuta a littafi. Yayana shi ne tauraronsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka mutane ke cewa. Amma yanzu shekarunsa talatin da biyu, gwiwarsa ta hagu ta fara gardama, kowa ya san wannan gasar ta duniya ita ce tasa ta ƙarshe.

Dogo kuwa, Baba ne ya tsinto shi yana ɗan shekara goma sha biyar, yana bin motar haya da gudu don ya miƙa wa wata tsohuwa jakar da ta manta. Ya kuwa cimma motar. Baba ya saya masa takalminsa na farko, ya ba shi ɗaki a sansanin horo. Shekara tara ke nan. Biyu daga ciki muna son juna, muna jiran a gama gasar nan ya je gaban Baba.

Da muka koma otal, na zube littattafaina a kan gado. Wani abu ne ke ta sosa mini rai, ina so in san mene ne. Na ware ranakun da Dogo ya yi gudu shi kaɗai, na ware waɗanda suka yi tare da Yaya.

Sai abin ya fito fili.

In shi kaɗai ne, yana gama tseren da saurin da ya fi na Yaya da kusan daƙiƙa biyu. In suna tare, kullum rabin taku ne a baya. Kullum! Wata goma sha takwas, ko sau ɗaya bai kuskure ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Washegari da hantsi na sami Dogo a bakin matakalar otal, ya miƙe dogayen ƙafafunsa yana shan ruwa. Na ajiye littafin a cinyarsa.

Ya duba shafi ɗaya, ya rufe.

"Tun yaushe?" na ce.

"Auta..."

"Ba faɗa na zo yi ba. So nake in fahimta. Mutum ya tashi da asuba shekara tara, ƙafafunsa duk kanta, sannan ya riƙa taka wa kansa birki? Me ya sa?"

Ya daɗe yana juya gorar ruwan a hannunsa.

"Ran da na fara wuce Yaya a wajen horo," ya ce a hankali, "na juyo ina murna, ina neman idon Baba. Kin san me na gani? Ba ni yake kallo ba. Ɗansa yake kallo, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ranar ko abinci bai ci ba."

Ya ajiye gorar, ya ci gaba.

"Mutumin nan ya ciyar da ni, ya tufatar da ni. Gobe in tsallake ɗansa a gaban duniya, in hana Baba lambar da ya yi shekara talatin yana mafarki, jibi kuma in durƙusa in ce ya ba ni 'yarsa? Da wace fuskar?"

"To kai fa? Naka mafarkin?"

"Ke ce mafarkina, abar ƙaunata. Lamba ƙarfe ce."

Da wata ce da ta narke. Ni kuwa sai na ɗauki littafina na miƙe. Ina son sa, amma ba na son in zama igiyar da aka ɗaure masa ƙafa da ita.

Wata tambayar kuma ta taso mini: shin Baba ya sani?

Na same shi a ɗakinsa, gilashi a karan hanci, yana nazarin sunayen mutum goma sha biyun da za su yi tseren ƙarshe. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa littafin. Ko buɗewa bai yi ba.

"Na riga ki gani," ya ce.

"Baba! Ka sani... kuma ka yi shiru?"

Ya cire gilashin ya murza idanunsa. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar.

"A matsayina na koci, na yi laifi. A matsayina na uba... Auta, ni na zo na huɗu a wannan gasar kafin a haife ki. Na huɗu ba ya hawa ko'ina, ba wanda ke tuna shi. Yayanki tseren nan kaɗai ya rage masa. Dogo yaro ne, yana da gobe."

"In ya ji rauni kafin goben fa?"

Ya mayar da gilashinsa. Sai ya ce, "Ki bar maganar nan har a gama. Alfarma nake nema a wurinki, ba umarni ba."

Da umarni ya ba ni, da ya fi mini sauƙi.

Na fito na ja masa ƙofa. Gaba kura, baya sayaki. In na yi magana, na karya zuciyar mahaifina. In na yi shiru, na zuba ido ana binne wanda nake so da ransa.

Ranar tseren, da la'asar, Yaya ya kira ni in naɗe masa gwiwa kamar yadda na saba. Yana kwance a kan gadon tausa a tantin 'yan wasa, ni kuma ina ta ja ina ɗaurewa tamau ban lura ba.

"Ke, wannan naɗin ai na mai jin haushina ne," ya ce yana dariya. "Me ya faru? Kun yi faɗa da Dogon naki?"

Na zaro ido. "Ka sani?"

"Wa bai sani ba? In ya wuce ta gabanki agogon ma mantawa kike ki danna."

Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ya tashi zaune.

"Auta, dube ni. Tun kina rarrafe ba ki iya ɓoye mini abu ba. Faɗa mini."

Na tuna fuskar Baba. Na tuna ta Dogo. Sai na ga ashe duk cikinmu ba wanda ya tambayi mai gwiwar abin da yake so. Na ciro littafin daga jakata.

Ya bi shafukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Dariyar ta ɓace daga fuskarsa. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Wata goma sha takwas," ya ce. "Ina ta buga ƙirji, ashe lallashina ake kamar jariri..."

"Yaya, don Allah ka yi haƙuri. Ba raini ba ne, ƙauna ce."

"Ƙarasa naɗin."

"Me za ka yi?"

"Na ce ki ƙarasa."

Ya fita bai ƙara kallona ba. Aka shigar da su ɗakin da ake tara 'yan tsere, inda ba a barin kowa ya bi su. Minti ashirin ina kai da komo a bakin ƙofa, ina ƙoƙarin leƙawa ta tsagin labule. Sun yi magana? Sun yi faɗa? Ban ga komai ba sai bayan wani jami'i.

Na hau wurin zaman masu horarwa na zauna kusa da Baba. Filin ya cika maƙil, ihu kamar zai tsaga kunne.

Bindigar fara tsere ta tashi!

Zagayen farko suka tafi a dunƙule, kowa na tsoron kowa. A na biyu wani siriri mai jar riga ya ja gaba, layin ya miƙe. Yaya na huɗu, Dogo a kafaɗarsa, rabin taku a baya. Baba yana ta motsa leɓe, ban san ko addu'a yake ko ƙidaya ba.

Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe. Yaya ya kutsa ya zama na uku. Baba ya miƙe tsaye.

A kwanar ƙarshe na ga abin da nake tsoro. Kafaɗun Yaya sun fara ɗagewa, takunsa ya gajarce. Mutum biyu na tahowa ta waje kamar iska. Dogo kuwa yana nan a maƙale, ƙafafunsa na roƙon a sake su.

Sai Yaya ya juya kai. A tsakiyar tseren duniya, numfashi na neman ƙare masa, ya juya ya daka wa Dogo tsawa! A babban allo kowa ya ga bakinsa na motsi. Ya ɗan buɗa masa hanya ta ciki.

Dogo ya fita kamar an harba kibiya.

Ban san lokacin da na hau kan kujera ba. "Tafi! Tafi, masoyina, tafi!" Na manta Baba na gefena. Ya wuce na biyu, ya kamo mai jar riga, suka faɗa layin kusan tare.

Azurfa! Ƙiris ya hana shi zinare.

Yaya ya zo na biyar, ya zube a ƙasa.

Na juyo a tsorace. Baba na tsaye, hawaye na bin gemunsa, idonsa a kan allo.

"Ke kika faɗa masa," ya ce.

"Ni ce, Baba. Ka yafe mini."

"Dubi lokacin yayanki." Ya nuna allon da yatsa. "Bai taɓa gudu irin wannan ba a rayuwarsa. Da ya ga ana tsere masa da gaske, sai ya nemo abin da ni ban san yana da shi ba."

Muka sauka ƙasa. Dogo na durƙushe a gaban Yaya yana kuka kamar ƙaramin yaro, Yaya na dukan bayansa yana haki. Da Dogo ya hango Baba sai ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka gafarce ni..."

Baba ya kama kafaɗunsa ya ɗaga shi. "Ni ne mai neman gafara, ɗana. Na ga ana tauye ka, na kau da kai." Ya share fuska da bayan hannu, ya harare ni ta gefen ido. "Kuma na ji abin da wata ta kira ka a gaban mutum dubu hamsin. In mun koma, ka turo manyanka."

Na rufe fuska da mayafi, na rasa inda zan sa kaina.

Duk da haka abu ɗaya bai bar ni ba. Da muka keɓe a hanyar fita, na ja hannun rigar Dogo.

"Me Yaya ya ce maka a kwanar nan?"

Ya fashe da dariya, hawaye bai bushe ba. "A ɗakin jira ko kallona bai yi ba. Sai a kwanar ya ce, 'Wallahi in ba ka wuce ba, ba kai ba ƙanwata!'"

Bayan wata huɗu aka ɗaura mana aure. Yaya ya zo yana dogara sanda, don an yi masa aiki a gwiwar, kuma shi ya fi kowa hayaniya. Da mutane suka ragu na zauna kusa da shi, na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina.

"Yaya, tsakaninka da Allah... da ban nuna maka littafin ba, wataƙila da ka samu tagulla. Ba ka jin haushina?"

Ya daɗe yana kallon angon da ke can yana gaisawa da baƙi.

"Na ji, na kwana uku," ya ce. "Amma da na rataye ta, da kullum na dube ta sai in ga kyauta ce aka ba ni. Na biyar ɗin nan kuwa, Auta, ba wanda ya ba ni. Ni na gudo ta da ƙafata." Ya dungure mini kai. "Tashi ki tafi wurin mijinki, kin ishe ni da tambaya."