Balan-balan a Bakin Ƙofa

Da azahar aka kira ofishin 'yan sanda daga jami'a, aka ce an ɗauke kwamfutar ɗakin bincike da rana tsaka, mutane na kai da kawo.

Sufeto ta isa tare da Saje. Mace ce marar yawan magana, wadda abokan aikinta ke cewa idonta ya fi bakinta aiki. Farfesa, shugaban sashen, ya kai su wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da allon gilashi, da wani ƙarfe da mutum ke ɗora haɓarsa. Wayoyi na reto a inda kwamfutar take.

"Me kuke yi a nan, ranka ya daɗe?" in ji Sufeto.

"Ido muke aunawa," in ji Farfesa. "Mu cika allo da korayen ɗigo, mu ce wa mutum ya nemo mai kusurwa huɗu. Sai mu jefa ja guda ɗaya a gefe. Kyamara na bin ƙwayar idonsa, ta auna sau nawa jan ya fizge shi, da daɗewar da ya yi kafin ya saki."

"Ashe kallo ma digiri ne," in ji Saje. "Da na sani da tuni ni ma dakta ne."

Ba wanda ya yi dariya. A kusurwa wata ɗaliba na tsaye, idanunta sun kumbura. Ita ke riƙe da makullin ɗakin, kuma duk aikin digirinta yana cikin kwamfutar, don dokar sashe ta hana kwashe bayanan mutanen da aka gwada zuwa wani wuri. In ba a same ta ba, aikin ya tafi, kwamitin ladabtarwa kuma na jiran ta.

"Ƙanwata, me ya sa kika bar ƙofa a buɗe?" Sufeto ta tambaye ta.

"Na ji hayaniya ne, Anti, na leƙa." Ta sunkuyar da kai. "Balan-balan na tsaya kallo. Ni da nake auna abin nan kullum."

Mai gadi ya ba da sauran labarin, har da nuni da hannu. Wani mutum ne ya zo da tarin balan-balan, ya maƙale a ƙofar shiga, wasu suka fashe kamar harbi. Kowa ya fito. Aka yi ta cigiyar wanda ya aiko shi, ba a samu ba, ya juya da kayansa.

"Wane launi ne, Baba?"

"Rawaya, ranki ya daɗe, kamar gwaiduwar ƙwai."

"Wa ka ga ya shiga ɗakin binciken a lokacin?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi ko raƙumi ne ya shiga, ban gani ba."

An riga an share barandar, amma Sufeto ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin benci. Ta zaro ɓallin balan-balan guda, da tambarin shago a jikinsa.

Da suka je, mai shagon ya fara da rantsuwar cewa yau ko ƙofa bai fita ba. Da Saje ya ajiye ɓallin a kan teburin shagon, sai ya sauko.

"To, ni ne. Waya aka yi min, muryar namiji. Ya ce ja yake so, ja zur, kada in haɗa da komai. Ya maimaita har na gaji."

"Me ya sa ka kai rawaya?"

"Jan ya ƙare, Hajiya. Balan-balan ai balan-balan ne, wa zai yi faɗa a kan launi?"

A mota Sufeto ta riƙa juya ɓallin a tafin hannunta. Mutum nawa ne a garin nan za su nace sai ja, ja kaɗai? Sai wanda ya yi shekaru yana ganin abin da ja ke yi wa ido.

Suka koma jami'a. Ta sa aka riƙa shigo mata da ma'aikatan sashen ɗaya bayan ɗaya, ba ta bari wanda ya fito ya haɗu da mai shiga ba. Da ta tambayi launin balan-balan ɗin, duk suka ce rawaya. Na ƙarshe shi ne Dakta, mataimakin Farfesa, wanda sunansa ya fito saboda wata maƙala da ya wallafa a kan ƙarfin jan launi. Ya ce tun bayan hayaniyar yana ofishinsa, ƙofa a rufe.

"Lokacin hayaniyar fa?"

"Ina baranda kamar kowa." Ya gyara zaman tabarau. "Abin sha'awa ne, Sufeto. Jajayen balan-balan a tsakiyar bango mai ruwan toka. Da ina da kyamara a wurin, da na samu maƙala ta biyu."

"Ka gan su da idonka?"

"Ƙwarai kuwa. Ja ba ya barin ido."

Sufeto ta buɗe tafin hannunta, ta ajiye ɓallin a kan tebur.

Dakta ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa.

"Kowa a ginin nan ya kalli ƙofa, sai mutum ɗaya," in ji ta a hankali. "Shi ya ba ta baya, don ya san abin da ya yi oda. Bai san mai shago ya sauya ba."

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Dakta," in ji Saje.

Kafaɗunsa suka zube. "Awon yarinyar nan ya saɓa da nawa," ya ce. "Ta gano mutane na koyon kauce wa jan in suka saba. Ni kuwa na gyara lambobina kafin in wallafa. In ta kai aikinta gaban kwamiti, na ƙare."

"Ina kwamfutar?"

"A sito. Cikin kwalayen takarda."

Can suka same ta, a kwali mai ruwan ƙasa cikin ire-irensa, inda ido ba ya tsayawa.

Ɗalibar ta haɗa wayoyi. Allo ya kawo, korayen ɗigo suka jeru, jan nan guda na gefe. Komai na nan. Farfesa ya gyara murya ya ce da ita, "'Yata, gaskiyarki ce ta tayar da wannan ƙurar. Ki shirya, ranar kare aikinki ni zan zauna a layin gaba."

Aka fito da Dakta da ankwa. Baranda ta sake cika, har mai gadi ya bar ƙofarsa. Sufeto ta waiga ta tagar ɗakin binciken. Ɗalibar ba ta ɗago ba, idonta na kan aikinta.

"Ranki ya daɗe, kowa ke yake kallo," Saje ya raɗa mata.

"Ankwa ce ke ƙyalli, Saje, ba ni ba."

Duk da haka ta gyara zaman hularta, ta miƙe kafaɗa, ta taka a hankali har bakin mota.