Sallamar Hajiya Maiturare

"Salamu alaikum!"

Hannun Khairunnisa ya tsaya cak a kan kwamfuta. Ta san muryar. Hajiya Maiturare ce, mahaifiyar Nu'uman, wanda aka sa musu rana bayan babbar sallah.

Jarrabawa take yi, ta ƙarshe. Aikinta haɗa sola a gidajen Daura, karatun injiniyan lantarki da kwamfuta kuma ta intanet take yin sa daga ɗakinta. Dokar makarantar ba ta da sassauci: kyamara na kallonka, ka yi magana ko ka tashi, an soke. Bara ta rasa wannan jarrabawa, ranar aka kai babanta makwancinsa. Sun ce in ta sake rasawa, karatun ya ƙare.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Iya, mahaifiyarta, ta tafi ta'aziyya Sandamu. Ba kowa sai ita.

"Tana ciki fa, Gwaggo, ga takalminta nan."

Amatullah! 'Yar ƙanin Hajiya, wadda kowa ya san tun tuni Nu'uman take so. Jiya-jiya ta kira tana tambayar lokacin jarrabawar, wai za ta taya ta da addu'a...

Aka ɗaga labule. Ta wutsiyar ido Khairunnisa ta hango Hajiya da ƙawayenta, riƙe da kwalaben turaren wuta da suka kawo wa amarya.

"Khairunnisa? 'Yata, lafiya?"

Leɓenta ya motsa, ta cije shi. Hawaye na zuba, ta ci gaba da danna amsa.

"Ikon Allah," in ji wata daga cikin matan. "Tun ba a shiga ba?"

Aka saki labulen.

Bayan la'asar Nu'uman ya zo. Ko babur ɗin bai kafe da kyau ba ya faɗo zaure, idanunsa jawur.

"Nisa, me kika yi mana?"

"Ya Nu'uman, kai ka san dokar! Kai ka saya min kyamarar!"

"Na sani, masoyiyata. Amma Hajiya ba ta san kyamara ba, sallama ta sani. A gaban ƙawayenta fa! Tun ɗazu ko ruwa ba ta sha ba."

"To in yi yaya? Baba har gonarsa ya sayar don karatun nan..."

Ya sassauta murya.

"Ki ce abin sauraro ne a kunnenki. Ki ce ba ki ji ba. Shi kenan, ni zan ƙarasa sauran."

"Ƙarya kenan fa."

"Na sani! Amma ba zan iya rasa ki ba, Nisa. Don Allah..."

Ba ta taɓa ganin ƙwalla a idonsa ba sai ranar. Ta sunkuyar da kai.

"Zan faɗa."

Washegari Iya ta raka ta. Suka tarar da falon Hajiya cike, matan jiya duk suna nan, Amatullah na gefe tana fifita garwashi. Nu'uman na tsaye a bakin ƙofa.

Khairunnisa ta durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Abu ne a kunnena, ban ji ba."

Fuskar Hajiya ta ɗan saki.

"To, ai dama na ce..."

"Ta rantse, Gwaggo," Amatullah ta katse ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni dai na ga kunnenta, ba komai. In da gaske ne, ta ce wallahi mana."

"Ke, wa ya sa da ke?" Nu'uman ya daka mata tsawa.

Amma matan sun riga sun juyo, kowa ya zuba ido.

Khairunnisa ta dubi Nu'uman. Yana gyaɗa mata kai, yana roƙo da ido. Ta buɗe baki, sunan Allah ya ƙi fitowa.

"Na ji, Hajiya." Ta ɗago kai. "Tun sallamar farko na ji. In na amsa, karatuna ya rushe. Ki yafe min."

Nu'uman ya dafe kai.

Hajiya ta daɗe tana kallonta. Da ta yi magana, ba faɗa a muryarta, gajiya ce kawai.

"'Yar nan, ni ma na san kin ji. Na ga hawayenki. So na yi ki ba ni abin da zan riƙe a gaban mutanen nan, yanzu kin bar ni ba komai. Tashi ku je."

Iya ta yi roƙo, ta aika manya, har limamin unguwa ya sa baki. Hajiya ta ce ta yafe duniya da lahira, amma aure babu.

Ranar da sakamako ya fito, Khairunnisa na kan rufin wani gida kusa da rijiyar Kusugu tana ɗaure faifan sola. Ta ci. Ta share hannu ta kira shi tun kafin ta tuna an fasa auren.

"Na ci, Ya Nu'uman."



"Dama na san za ki ci, Injiniya," ya ce a hankali. "Allah Ya sa albarka. Nisa... kada ki sake kirana. Ba zan iya ƙin ɗauka ba."