Abokin Karatun Malam Iliyasu

Ummulhairi na tankaɗen gari a tsakar gida, hawaye na ɗiga cikin rariya, har uwarta Hajo ta ce ta kauda kai kada ta zuba wa tuwo gishiri. Dalilin kukan kuwa, ubanta Malam Tukur, mai makarantar ilimi a Hunkuyi, ya mayar da goron neman aurenta da dangin Maiwada suka kawo.

Maiwada ɗan garin Saulawa ne. Ya gama karatun lauya a jami'ar Zariya, bai ƙoshi ba, ya koma neman ƙari. Tun yana zuwa ɗaukar karatu a zauren Malam suke son juna da Ummulhairi, kuma Malam bai ƙi yaron ba, aikin ya ƙi. Wai an gaya masa ajin nasu 'yan Kudu ne zalla, babu mai rawani ko ɗaya, kuma lauya tuɓe hula yake ya ɗora gashin doki a ka, ya tsaya yana wanke ɓarawo.

Ummulhairi ba ta yi wa ubanta musu ba. Haƙuri ta yi, sai dai ta rame kamar tsinke. Hajo ce ta jira har Malam ya gama cin tuwo.

"Malam, ai ku ne kuke koya mana ba a yanke hukunci da ji-ta-ji-ta."

Maganar ta soke shi. Ran kasuwa ya hau motar hatsi sai Zariya, bai sanar da kowa ba.

Ya leƙa ajin ta taga. Ga 'yan Kudun nan kuwa, har da mace mai tabarau. Zai juya ke nan ya hango farin rawani a layin baya. Malam Iliyasu ne, tsohon alƙali daga Makarfi, wanda a gabansa Malam Tukur ya sauke Risala yana saurayi. Ga Maiwada a gefensa, yana bin layin littafi da yatsa.

Da aka tashi, Malam Tukur ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Bayan doguwar gaisuwa, dattijon ya ce an turo shi ajin ne don ya san sababbin dokoki. Da safe Maiwada ke masa bitar Turanci, da yamma shi kuma ya biya masa littafin Muhtasar.

"Har jikata na ce zan ba shi, ya ce zuciyarsa tana Hunkuyi, wai wani malami ya hana shi 'yarsa. Tukur, ko ka san malamin?"

Malam Tukur ya sunkuyar da kai.

"Allah gafarta Malam, na san shi. Ya janye."

Da labari ya iso gida, Ummulhairi ta yi dariya har da hawaye, Hajo ta rangaɗa guɗa. Bayan girbi aka ɗaura aure, Malam Iliyasu ne waliyyin ango.

Ku duba, 'yan mata. Da Ummulhairi ta yi tsiwa da ta rasa ɗaya cikin biyu, amma haƙuri ya ba ta miji ya bar mata uba. Iyaye kuma su riƙa zuwa su gani da idonsu kafin su ce a'a. Sharaɗi ɗaya Malam ya kafa, har yau kuma ana kiyaye shi: gashin dokin nan ba ya shiga zaurensa.